Idon Baba Ubale

"Siririya, Baba! A kunna Siririya!"

Ni ne mai wannan ihun, ina tsaye tsakiyar ɗakin taro da takardar tsarin wasa a hannu. Ƙarfe huɗu ne na yamma, amma ciki duhu ƙirin, don Baba Ubale ya toshe duk tagogin da baƙar leda da tsofaffin barguna. A reshen jami'armu na Gumel ba a wasa bayan magariba, yawancin ɗalibanmu mata a gida suke kwana. Saboda haka sai Baba ya fara haɗa mana duhu tukuna, sannan ya haska shi.

Siririya ita ce fitilar da ya fi ji da ita, haskenta bai wuce faɗin ƙofar ɗaki ba. Don ita aka gina ƙarshen rawar. Rawar kakar riɗi ce. Idan ganguna suka ɗauke, Naja'atu, wata ɗalibarmu 'yar Ɗanzomo, za ta tsaya ita kaɗai a kan alamar salatif da aka manna mata a dandamali, ta ɗaga faifai sama ta fara shiƙa, hasken kuma ya kama ƙwayoyin riɗin suna zuba.

Ganguna suka ɗauke. Siririya ta kama. Sai ga haske a kan katako tsirara, taku biyu gaban Naja'atu. Ita tana cikin duhu, zubar riɗin kawai muke ji.

Wani makaɗi ya tuntsire da dariya, sauran suka taya shi. Dakta Abdurra'uf, shugaban sashenmu, ya juyo daga kujerar gaba.

"Malam Habibu, wannan za mu nuna wa baƙi jibi?"

Kafin ya rufe baki na san abin da ya faru. Da safiyar ranar Dakta ya ce in ƙara layi biyu na kujerun manyan baƙi. Wuri bai isa ba, sai na kira 'yan dako daga tasha, lokacin ɗalibai suna aji, muka matsar da dandamalin katakon baya taku biyu, har da baƙin labulen da ke bayansa. Fitilu kuwa a jikin ƙarfen rufi suke, inda Baba ya saita su tun ranar Litinin. Aikina ne in gaya masa. Na manta, shi ke nan. Wasana na farko ke nan a matsayin mai kula da shiri, kuma takardar tabbatar da ni a aiki tana kan teburin Dakta.

Daga can baya, wajen teburin makunnai, muryar Baba ta taso.

"Ikon Allah. Yarinya, kina kan alamarki kuwa?"

"Ina kai, Baba."

"To a kawo tsani in hau in duba."

Na san in ya hau tsanin nan, kallo ɗaya zai yi wa ƙasa ya gane. Bakina ya riga hankalina.

"A'a Baba, kada ka hau. Idonka ne. Tun ranar Litinin na lura kana laluben makunnai, nauyinka na ji shi ya sa ban yi magana ba."

Na jira ya yi faɗa. Baba Ubale mutum ne mai faɗa a kan aikinsa, ya taɓa korar wani malami daga ɗakin don ya ɗage bargon taga zai sha iska. Amma faɗan bai zo ba. Na ji ya kashe Siririya, ya kunna farar fitilar ɗaki, ya ɗauki hularsa da jakarsa.

"Haka ne," ya ce a hankali. "Allah ya ba da sa'a jibi."

Maƙwabcina ne, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Shekara talatin da ɗaya ya yi a Zariya yana haska wasannin rawa na jami'a, ya yi ritaya ya dawo gida. A unguwa mai gyaran wuta suka ɗauke shi, bai kuma taɓa gyara musu ba. Shi ya samo mini gidan da nake ciki. Ni na yi ta zirga-zirga zaurensa ina roƙo ya zo ya taimake ni, ba albashi ba komai, sai shayi da kuɗin babur. Ya koya mini cewa jan haske yana cinye fuskar baƙar fata, shuɗi kuma yana mai da farin zane kamar likkafani, abubuwan da ban taɓa gani a littafi ba, ni da nake taƙama da digiri biyu.

Washegari na kira Hamza, wani mai gyaran wuta daga Gagarawa Tasha, ya hau tsani ya karkata fitilun. Minti ashirin aikin ya ci. Ranar wasa riɗin nan ya zubo cikin haske, wata baƙuwa har da share hawaye. Dakta ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Ka ceci wasan nan." Na ce ai ba komai, yi wa kai ne. Wallahi haka na ce.

Baba bai zo ba. A satin ya daina fitowa dandalin hira, sai masallaci, daga baya masallacin ma ya gagara. Dama yana da ciwon suga, kuma aka ce ƙoda ta taɓu. Ba zan ce maganata ce ta kwantar da shi ba, ciwo na Allah ne. Amma na san mutumin da ciwo ya kayar, na kuma san wanda ya bar ciwo ya kayar da shi.

Matata Asama'u ce ta shigo da labari wata ranar da hantsi.

"Ka san Baba ya daina sa wa matarsa Inna Hannatu zare a allura? Shekara nawa shi ke sa mata. Jiya ta miƙa masa ya ce ta kai wa masu ido."

"Allah ya ba shi lafiya," na ce, na ci gaba da ɗaure igiyar takalmi kamar wani babban aiki nake yi.

Abin da ya rage mini ɗaya ne, in shiga in gaya masa idonsa lafiya lau, ni na matsar da dandamali. Magana ce da ba ta kai minti ɗaya ba. Zuwana na farko na tarar da ɗakin cike da 'yan dubiya, na ce ba yau ba. Na biyu yana barci, har na ji daɗi. Na uku na same shi shi kaɗai, a jingine da filo, rediyo a kashe a gefensa.

"Baba, ya jikin?"

"Da sauƙi, Malam Habibu. An ce wasa ya yi kyau."

"Ya yi. Baba, game da ranar nan..."

Ya ɗaga hannu. "Kada ka damu kanka. Ai gata ka yi mini. Bara na je Kano, likita ya ce yanar ido ta fara fito mini, amma da saura. Ban gaya wa kowa ba, ko Hannatu. Ina ta cewa zan ƙara shekara biyu ina aiki. Ashe har an kai inda nake haska katako ina ganin mutum nake haskawa." Ya yi 'yar dariya. "A Zariya akwai wanda na gada, sai da ya faɗo daga tsani sannan ya yarda ya tsufa. Ni kuwa Allah ya ba ni maƙwabci mai gaskiya."

Mai gaskiya. Na dubi tabarma, na dubi kwalaben magani. Sai na buɗe baki na tambaye shi ko yana ganin ruwan bana zai kai ƙarshen wata. Muka yi hirar damina har aka kira la'asar.

Kullum in na fito sai in ce gobe. Ina da dalilai, malamin jami'a ba ya rasa dalili. Kada in tayar masa da hankali yana jinya. Bari ya ɗan ji sauƙi. Bari takardata ta fito tukuna, kada magana ta koma kunnen Dakta. Takardar ta fito, Asama'u ta yi dambun nama ta raba wa maƙwabta, ni kuwa ban shiga ba.

Ranar Alhamis, sati uku cif da gwajin wasan nan, ƙanen Baba, Ɗalha, wanda ke sayar da kayan babur a Maigatari, ya yi sallama a ƙofata da misalin ƙarfe goma na safe.

"Malam, Yaya yana kiranka."

Ɗakin akwai liman, da Ɗalha, da dattawan unguwa uku, Inna Hannatu tana bakin ƙofa daga ciki. Baba ya rame har zoben azurfarsa yana yawo a yatsa. Ashe tun safe yake kiran mutane ɗaya bayan ɗaya yana neman gafara. Ya miƙo hannu, na durƙusa na kama.

"Malam Habibu, akwai hakkinka a kaina. Na san idona ya fara, na ɓoye maka, na karɓi aikinka. Saura kaɗan in kunyata ka gaban shugabanka, kai da iyalinka kuna ci daga nan. Son aiki ne ya ja ni, ba mugunta ba. Ka yafe mini don Allah."

Liman ya ce, "Allahu akbar." Wani dattijo ya ja hanci. Ido goma sha biyu a kaina, yawancinsu mutanen da nake sahu ɗaya da su sau biyar a rana, waɗanda in liman ya yi tafiya ni suke turawa gaba. Na lissafa duk wannan, ina riƙe da hannun mutumin da ke mutuwa. Na ce a raina, bayan azahar za su watse, in dawo mu biyu.

"Baba, ai ba ka yi mini komai ba."

"Na yi. Ka faɗa da bakinka in ji."

"Na yafe," na ce.

"Duniya da lahira?"

"Duniya da lahira."

Ya saki hannuna, ya lumshe ido. "Alhamdu lillahi. Wannan ce dama ta tsaya mini a rai."

Ina tsakar gidana ina alwalar azahar, na wanke ƙafar dama ban kai ga ta hagu ba, na ji salatin Inna Hannatu ta kan katanga.

Bayan la'asar muka kai shi. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makara, kuma ba nauyi gare shi ba. A hanyar dawowa liman ya dafa kafaɗata ya ce wa mutane, "Ku ga zaman maƙwabtaka. Da sunan wannan bawan Allah a bakinsa ya cika." Aka yi ta miƙo mini hannu ana yi mini gaisuwa kamar ɗansa. Ɗalibai suka zo a motar makaranta, Naja'atu tana kuka tana cewa da ta sani da ta matsa gaba ta shiga hasken da kanta, kada a gane. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ba wanda ya ga alamarta a fuskata.

Ranar sadakar uku, da rana tsaka, da mutane suka ragu, na nemi iso wajen Inna Hannatu. Tana takaba, saboda haka na tsuguna a bakin ƙofar ɗakinta, labule a tsakaninmu. Ƙafafunta kawai nake gani da bakin carbi.

"Inna, ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya, Malam Habibu. Allah ya saka da alheri, kun yi ɗawainiya."

Na faɗa mata. Duka, har da 'yan dako, har da tsanin da na hana shi hawa. Bai kai minti ɗaya ba, kamar yadda na ƙiyasta. Carbin ya tsaya.

Wata akuya ta leƙo tsakar gidan, wata mata ta kore ta.

"Wato idonsa lafiya."

"Lafiya lau, Inna. Ko Hamza da ya hau ya ce bai taɓa ganin saiti mai kyau irin nasa ba."

"Sati uku," ta ce. "Ya sa na juya masa gado ya fuskanci bango, wai kallon taga ba shi da amfani. Kana shigowa kana fita, ina ba ka ruwa."

"Ki yafe mini, Inna."

"Ni ba ni ka yi wa ba, ɗan nan. Wanda ka yi wa kun kai shi shekaranjiya, kai ka riƙe makarar ta wajen kai."

Ba ta ɗaga murya ba. Na jira ko za ta ƙara wani abu, ko zagi ne in samu abin riƙewa. Sai na ga hannunta ya fito ta ƙarƙashin labule, ya turo wani kwanon sha mai murfi.

"Gumbar sadaka ce. Ka kai wa Asama'u, nata ne kwanon."

Na ɗauka da hannu biyu na miƙe. A zaure Ɗalha da dattawa suka matsa mini hanya, suna cewa a gaida gida. Na fito titi, rana ta take, ba kowa sai wani babur da aka jingine a inuwar darbejiya. Daga ƙofarsu zuwa tawa ba nisa, amma duk tsawon hanyar murfin kwanon yana ta ƙara a hannuna, na danne shi da babban yatsa bai daina ba.