Takalman Garikai a Bakin Rami

Chenjerai maci amana ne. Abin da ya yi wa Garikai, ko kare ba zai yi wa mai ba shi ƙashi ba.

A ramukan zinare na bayan garin Shurugwi doka ɗaya ce: mai shiga ƙasa ya bar takalmansa a bakin rami. Muddin takalmi na nan, akwai rai a ciki.

Ran Talata Garikai ya tuɓe nasa. Chenjerai, amininsa na shekara goma sha ɗaya, mai kiransa Mukoma kamar yayansa na ciki ɗaya, shi ya riƙe igiya.

"Mukoma, wannan tumbin zai wuce kuwa?"

"Tumbin da sadza, tuwon masarar matata, ta gina, kai kana cinye rabi? Riƙe igiya, malalaci."

Da hantsi Garikai ya faɗa kan dutse mai zinare, ya cika bokiti, Chenjerai ya janye bokitin sama. Jim kaɗan ƙasa ta rufto. Dutse gaba, dutse baya, ƙafar hagu a danne, sai wata 'yar kafa da iska ke shigowa. Bai firgita ba. Takalmansa na sama, amininsa na sama.

Ta wannan kafar ya jiyo sauran mahaƙa sun rugo.

"Da mutum a ciki?"

"Kun ga takalmi?" in ji Chenjerai. "Tun safe ya tafi gari."

Garikai ya buɗe baki zai yi ihu, ƙura ta shaƙe shi. Sawu suka yi nisa. Kwana biyu yana buga guduma a dutse, kuma ƙishirwa ba ta ci shi kamar yadda muryar nan ta ci shi ba.

Matarsa Ruvimbo ce ta ƙi yarda cewa gari ya tafi. Ta kutsa ɗakin Chenjerai, ta ɗaga katifa, sai ga takalman da jan zaren da ita ta ɗinke su da shi. Rowa ce ta hana shi jefar da su. Ta dire su a bakin rami, ta ce, "Ku haƙa!"

An fito da Garikai da rai, amma ƙafar ta tafi. Chenjerai ya zube gabansa.

"Mukoma, sharrin shaiɗan ne."

"Shaiɗan bai taɓa sa hannu a kwanona ba," in ji Garikai.

Mahaƙa suka ƙwace bokitin suka ba Ruvimbo, suka tuɓe wa Chenjerai takalmi, suka taka da shi har ofishin 'yan sanda. Kotu ta ɗaure shi shekara tara.