Falalu Bai Iya Ruwa Ba

Da aka gama yaƙin basasa, Alhaji Indabawa yana cikin Hausawan farko da suka komo Fatakwal. Ya tarar ciyawa ta cinye rumfarsa ta albasa a Rumuokoro, kwanon rufin ma an kwashe. Ya share wurin, ya kafa sababbin itatuwa, ya aika Kano aka kawo masa matarsa Hajiya Kubura da ɗansu Gwadabe.

A Fatakwal aka haifi Gwadabe, kuma shekarun da ya yi a Kano ba su mantar da shi komai ba. Turancin buroka a bakinsa kamar ɗan gari, yana jin Inyamuranci, ya san kowane rafi da yara ke wanka. Yana da kai a makaranta, shi ma ya san yana da shi.

Falalu daga baya ya zo, lokacin da arzikin mai ya buɗe, manyan motoci suka cika hanyar Aba. Daga wani ƙauyen Gumel ya biyo motar albasa, ya tsaya dako a rumfar Alhaji. Ya gama sakandare da sakamako mai kyau, sai dai ba shi da wanda zai tsaya masa. Da Alhaji ya ji haka ya ce ya ajiye gammo. Ya sa shi a ɗaki ɗaya da Gwadabe, ya nema musu kwalejin kimiyya tare, sashen nazarin ruwa da tsirrai.

Shekara biyu suna kwana ɗaki ɗaya, suna ci a kwano ɗaya. Gwadabe ne ya koya masa buroka, ya nuna masa yadda ake cin garin kwaki da miyar kifi ba a ƙware ba. Yana jin daɗin hakan, domin duk inda suka shiga shi ne a gaba, Falalu na biye.

A shekararsu ta uku bututun wani kamfanin mai ya fashe a cikin fadamun kudu. Ɗanyen mai ya malale a ruwa, kifi ya mutu, itatuwan bakin ruwa suka yi baƙi. Aka haɗa ayarin masu bincike, har da Turawa, da za su yi wata shida suna shiga rafuffukan da jirgin ruwa, suna ɗibar ruwa da laka suna aunawa. Aka ce za su ɗauki ɗalibi guda daga ajin su Gwadabe ya yi horon aikinsa tare da su, kuma kowa ya san wanda ya yi horo a irin wannan wuri da wuya a sake shi bayan ya gama karatu. Malamarsu, Dokta Wokoma, ita aka bar wa zaɓi.

Gwadabe bai yi shakka ba. Har ya fara gaya wa Hajiya irin kifin da zai riƙa kawo mata. Ranar da Dokta ta tsaya gaban aji ta kira sunan Falalu, sai da Gwadabe ya juya ya duba ko akwai wani Falalun a ajin.

Da yamma Alhaji ya tara abokansa a rumfa, aka yi ta sa albarka.

"Kun ga yaron nan," in ji Alhaji, yana dafa kafaɗar Falalu. "Buhu yake saukewa a nan wurin. Yau ga shi Turawa za su zauna jirgi ɗaya da shi. Gwadabe, ba ka yi wa ɗan'uwanka murna ba?"

"Na yi masa, Baba."

"Ban ji ba."

"Allah ya sanya alheri, Falalu."

"Amin, Yaya Gwadabe," in ji Falalu, kansa a ƙasa. Shekarunsu ɗaya, amma tun zuwansa da Yaya yake kiransa.

Washegari aka ba Falalu kayan aiki: dogon takalmin roba, da hular kwano ruwan ɗorawa, da rigar ruwan sama. Ya jera su a ƙarƙashin gadonsa. Duk lokacin da Gwadabe ya shigo ɗakin, a kan hular idonsa ke fara sauka. Abinci ya daina yi masa daɗi. Ya riƙa tuna ranar da Falalu ya fara ganin jirgin ruwa ya riƙe masa riga, da yadda har yanzu in za su haye gada yake bin tsakiya. A nan wani tunani ya zo masa.

Ya sami Dokta Wokoma a ɗakin gwaje-gwaje tana wanke kwalabe. Mace ce gajera mai furfura a goshi, ba ta cika ɗaga murya ba. Ya gaishe ta, ya ɗan yi kame-kame, sannan ya ce akwai abin da ya ga ya kamata ta sani, don gudun abin da ka je ya zo.

"Falalu bai iya ruwa ba, Madam. Ko kaɗan. Garinsu rijiya ce kawai."

Ta ajiye kwalbar ta dube shi.

"Shi ya aiko ka?"

"A'a. Tausayinsa nake ji. In jirgi ya kife fa?"

"Kai ka iya?"

"Tun ina ƙarami, Madam," ya faɗa da sauri.

"Madalla. To ka koya masa. Sai ƙarshen wata za su tashi. Kafin nan zan zo da kaina in ga ya haye rafin Choba ya dawo. In ya kasa, akwai yarinyar nan Ibiere, ita ce ta biyu a jarrabawa, kuma a cikin kwalekwale aka haife ta."

Gwadabe ya fito. Ashe ko an cire Falalu ba shi za a ba ba. Shi ne ma na uku, ko na huɗu, bai sani ba.

Kafin ya isa gida Dokta ta riga ta kira Falalu ta gaya masa. Ya same shi zaune a bakin gado, yana juya hular a hannu.

"Madam ta ce kai ka tuna mata," in ji Falalu. "Ni kunya ta hana ni faɗa. Na gode, Yaya."

Gwadabe ya duba fuskarsa ko zai ga alamar baƙar magana. Bai gani ba, kuma hakan ya ƙara ƙona masa rai.

Suka fara zuwa Choba kullum bayan la'asar. Akwai wani wuri a ƙasan gada inda mata ke jiƙa rogo, ruwan bai wuce ƙirji ba. Falalu ya shiga da gajeren wando, yaran masunta na kan kwalekwale suna yi masa dariya. Ya sha ruwa ya fi a ƙirga. Gwadabe ba ya lallashi. Tsawa yake yi masa, ya ce ƙafarsa kamar ta raƙumi, ya ce ko buhun albasa ya fi shi sauƙin ɗagawa. Falalu sai ya miƙe tsaye a ruwan. Ya yi tari, ya share ido, ya sake kwantawa a kan ruwan.

Abin haushin shi ne yana koyo. Cikin mako guda ya iya tsayuwa a ruwa ba ƙafa a ƙasa. A mako na biyu ya fara tafiya, yana bugun ruwa da ƙarfi irin na wanda ya saba ɗaukar kaya. Da dare ya ba Alhaji labari, Alhaji ya yi dariya ya ce, "Iya ruwa fidda kai. Yaron nan duk abin da ya sa gaba sai ya ga bayansa." Ba wanda ya ce komai a kan mai koyarwar.

Wata ranar Laraba an yi ruwan sama da safe, rafin ya cika, ya yi ja. Matan rogo ba su zo ba. Falalu ya tsaya a bakin ruwa yana kallo.

"Yaya, anya yau?"

"Can inda za ku, ruwan zai tambaye ka ko ka shirya? Shiga mu haye."

Suka shiga tare. Har tsakiya Falalu yana tafiya daidai. Daga nan igiyar ruwa ta ɗauke masa ƙafa, ya juya, ya buɗe baki zai yi magana, ruwa ya shiga. Ya nutse, ya taso, ya miƙo hannu. Gwadabe yana kusa da shi, tazarar ba ta fi ya miƙa nasa hannun ba.

Bai miƙa ba. Ya tsaya yana taka ruwa yana kallo. Ba ya nufin Falalu ya mutu, wannan ko a ransa bai zo ba. So yake ya gan shi a haka, ido waje, ba Alhaji, ba Dokta, ba mai sa albarka. So yake ya tsorata tsoron da gobe zai je da ƙafarsa ya ce ya fasa. Falalu ya sake tasowa, idonsu ya haɗu, ya sake nutsewa, kuma wannan karon bai taso ba.

Sai a lokacin hankalin Gwadabe ya dawo jikinsa. Ya yi nutso, ya laluba cikin jan ruwan bai ji komai ba, ya taso ya shaƙi iska yana salati, ya koma. A karo na biyu hannunsa ya taɓa gashi. Ya cafko shi ta haɓa, ya ja shi har gaɓa, can ƙasa da inda suka shiga. Ya kifa shi ya danna masa baya, ruwa ya yi ta fita ta baki da hanci.

Suka zauna cikin laka. Gwadabe ne ke kuka, Falalu yana numfashi kamar an shaƙe rago.

"Ruwan ne ya ja ni," in ji Gwadabe. "Na kasa isowa."

Falalu ya juyo ya dube shi sosai, irin kallon da bai taɓa yi masa ba.

"Na gan ka, Gwadabe."

Ya tashi ya ɗauki rigarsa. A mota ba su zauna kujera ɗaya ba.

Gwadabe ya kwana biyu yana jiran Alhaji ya kira shi. Ba a kira shi ba. Falalu bai gaya wa kowa ba, a gida ya ce ciwon kai ne ya sa idonsa ja. Amma bai sake neman rakiya ba. Ya sami wani tsohon masunci a Choba ya ci gaba da koyo a wurinsa. Ranar da Dokta Wokoma ta zo, ta tsaya kan gada da lema, ya haye rafin ya dawo. Da ta ga Gwadabe a kwaleji ta ce masa, "Ka iya koyarwa." Ya ce ya gode.

Ayarin ya tafi a ƙarshen wata. Sauran ɗalibai aka rarraba su. Gwadabe aka tura shi mayankar gari, ya riƙa auna ruwan jini da na tumbi da ke gangarawa rafi. Mahautan duk mutanen Alhaji ne, sun san Gwadabe tun yana rarrafe. Suna ganinsa da kwalabe a bakin magudana suka sa masa suna Likitan Kwata. In ya dawo gida Hajiya sai ta ce ya cire takalmi a waje.

Duk bayan mako biyu Falalu yakan zo hutu. Ya yi baƙi, ya rame, sauro ya caccake masa wuya, amma bakinsa cike da labari: ƙauyukan da ba a zuwa sai ta ruwa, matan da suka nuna musu rijiyar da mai ke tasowa a cikinta, Baturen da ya faɗa laka har ƙugu. Yakan kawo wa Hajiya busasshen kifi. A rumfa ake zagaye shi. Gwadabe yakan zauna a gefe yana ɓare albasar da ta fara lalacewa. Suna gaisawa, suna sallah sahu ɗaya, amma Falalu ya koma kwana a shagon da ke jikin rumfa, wai ya fi iska.

Da suka gama karatu aka ɗauki Falalu aiki a wurin da ya yi horo, aka ba shi ɗaki a gidajen ma'aikata. Ranar da zai kwashe kayansa ya sami Gwadabe a tsakar gida yana wanki.

"Ana neman mutum ɗaya a ɗakin gwajinmu," in ji shi. "Na ba da sunanka. Na gaya musu aikin da ka yi a mayanka, sun ce ka zo ranar Litinin."

Gwadabe ya ci gaba da cuɗa rigar.

"Baba ne ya sa ka?"

"Ba wanda ya sa ni. Ka iya aikin. Kuma gidan nan ya yi mini abin da ba zan iya biya ba."

"Gidan."

"E, gidan," in ji Falalu. Ya ɗauki akwatinsa ya fita.

Ranar Litinin Gwadabe ya yi wanka, ya sa farar riga, Hajiya ta yi masa addu'a a bakin ƙofa. Ya isa tashar Rumuokoro, ya sami motar da za ta kai shi, har ya sa ƙafa ɗaya. Sai ya hango kansa kullum da safe yana shiga ofis yana gaishe da Falalu, kowa ya san wanda ya kawo shi. Ɗan kamasho ya ce ya shiga ko ya ba mutane hanya. Ya ba su hanya.

Mayanka ya wuce. Dama hukumar tsabtar gari ta ce in yana so ya zauna musu aiki a can, akwai ramin tace ruwa da ya zana musu ba a gama haƙawa ba. Ya naɗe hannun farar rigar ya tsaya kan masu haƙa har azahar.

Da ya koma gida Alhaji na alwala a tsakar gida. Ya dubi lakar da ke jikin rigar.

"Yaya aka yi a wurin su Falalu?"

"Ban je ba, Baba."

"Saboda me?"

"Ina da aiki a hannu."

Alhaji ya daɗe yana kallonsa, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Kamar zai yi faɗa, sai ya fasa. Ya miƙa masa butar.

"Ƙaro mini ruwa. In ka gama ka je da kanka ka gaya wa yaron, kada ya yi ta jiranka."