Jan Layi a Kan Zuciya

Kallamu mutum ne da ba ya iya wuce abin da bai taɓa gani ba. A unguwar Xiaobei ta ƙasar Sin, a hawa na uku na wani dogon gini, ya leƙa wani shago mai labule, ya ga 'yar na'ura kamar sabulun wanka da wayoyi biyu masu faci a baki. Mai shagon ya manna masa su a dantse ya murɗa. Wani abu ya bi fatarsa kamar tururuwa sun tashi biki. Ta wasan ma'aurata ce, mai shagon ya nuna da ido. Kallamu ya biya, ya kai ta gida.

Shekara ashirin da biyu da aurensa da Ramlatu. Tun da 'ya'ya suka koma Kano, su biyun suka ƙirƙiro wasanninsu na ɗaki, kowa da yardarsa, da doka guda: duk wanda ya ce "tattasai", wasa ya tsaya nan take, ba tambaya.

Ramlatu ta juya kwalin ta yi dariya. Rubutun duk na Sinanci ne, sai zanen zuciya da jan layi ya ratsa ta.

"Alhaji, har da kibiyar masoya! Bari ta cika caji in gwada ta, hannu da hannu, kafin ka dawo. Kada in ji kunya a gabanka."

Da safe ya tafi garin Shiling duba jakunkunan fata tare da Malam Mas'udu, tafintansa, wanda ya yi furfura a ƙasar. Suna cikin rumfar jaka Kallamu ya zaro takardar kwalin, ya ninke gefen hotuna.

"Malam, awa nawa ake cajin wannan? Ta tausa ce."

Mas'udu ya kalle shi ta saman tabarau. "Tausa ko? To, Allah ya ƙara lafiya." Ya ci gaba da karatu, sai murmushin ya ɗauke. Ya ɗora yatsa a kan zanen. "An ce kada wutar ta ratsa ƙirji. Mai ciwon zuciya kuma, ko mai batiri a ƙirji, ko kusa kada ya je. Tana iya tsayar da bugun. Wa za a yi wa?"

Shekara huɗu ke nan da likitoci suka dasa wa Ramlatu batirin zuciya a ƙasan ƙashin wuya. Shi da kansa yakan shafa tabon.

Ya kira, ba a ɗauka ba. Ya sake. Ya bar jakunkunan a zube, mai rumfa na binsa da "laoban, laoban", wato maigida, suka faɗa mota.

Hanyar ta ƙi ƙarewa. Ya riƙa ganin abin a ransa: faci a hannun dama, faci a na hagu, zuciyar a tsakiya kamar tsuntsu a kan wayar lantarki. Kira na tara. Ta yiwu salla take. Ta yiwu tana ƙasa. Ya fara rubuta bayani, ya fasa. Sai ya danna wurin saƙon murya, a gaban Mas'udu da direba, ya ƙwala:

"Tattasai! Hajiya, tattasai!"

Mas'udu ya mai da kansa taga.

Da suka iso, Kallamu bai jira lif ba. Ya tura ƙofa yana haki. Ramlatu na zaune a bakin gado, faci ɗaya manne a hannunta na dama, ɗayan a ƙasa. Fitilar na'urar ta zama kore.

"Ina ɗaki, waya tana kicin," ta ce. "Na manna ɗaya ke nan na ji miya na kamawa. Ina zuwa na tarar da ihunka. Wai me ya faru? Ba a ma fara ba."

Ya ɓalle facin, ya nuna mata zanen. "Ba kibiya ba ce. Hani ne."

Ta daɗe tana kallon jan layin. Hannunta ya tafi kan tabon da kansa. Kallamu ya durƙusa ya kwantar da kunnensa a ƙirjinta, yana ƙirga.

"Alhaji, miyar," ta ce a hankali.

"Bar ta ta ƙone."