Bishiyar Jikin Katanga

"Nan ma ai bai yi nisa ba," in ji Sista, tana tsaye a kan benci tana leƙe ta saman katanga. "Ƙara matsawa da ramin."

Direba bai ɗago ba. Ya riga ya haƙa sabon rami a tsakar gidansa, yanzu yana saran ƙasa a kewayen 'yar bishiyar, yana haki. Tsayinta bai wuce ƙugunsa ba, irin mai siraran ganyen nan ce kamar allura, kore shar rani da damina. Da ya ajiye tuƙi ya shuka ta a jikin katangar da ta raba gidansa da na Sista, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, tun ranar kuma ba su ƙara gaisawa ba. Ita ta ce saiwar za ta tsaga mata bangon ɗaki. Shi ya ce da bangon da mai shi duk sun gama yayi. Sai da maƙwabta suka sa baki ya yarda zai cire ta.

"Ki sauka kafin ki karye a ce ni ne," ya ce.

Ya ɗaure saiwar da ƙasarta a cikin buhu, ya sunkuya ya cicciɓe ta. Taku biyu ya yi ya sake ta, ya zauna daɓas yana dafe ƙirji. Sista ta ga yadda leɓensa ya sauya launi, ta san abin da take gani. Ta sauko ta zaga ta ƙofar gidansa, ko takalmi babu.

"Kada ki taɓa ni."

"Ba don halinka zan taɓa ka ba. Kawo hannun."

Ta fizgo hannun ta dafa jijiya. Gumi mai sanyi yana tsatstsafo masa.

"Kin samu yadda kike so," ya ce da ƙyar.

"Rufe bakinka ka ja numfashi."

Ta ƙwala wa 'yarsa Auta kira, aka samo mota. Kafin yamma ya cika a asibiti.

Sista ta shiga gaisuwa sau ɗaya. Auta ta kau da kai, Sista ta taso ta fito.

Bayan mutane sun ragu, tana wanke-wanke da safe sai ta ji tim a bayanta. Bishiyar ce aka wurgo ta saman katanga, buhun ya fashe, ƙasa ta watsu har cikin kwanukanta.

"Ga ta nan, Mama," muryar Auta ta taso daga can, a dishe. "Ki dafa ki ci. Likita ya hana shi ɗaukar ko bokiti, kuma ke kin fi kowa sani."

"Ni na ce ya ɗauka da kansa? Ina kike, ƙatuwa da ke, ubanki yana haƙa rami?"

Sai ƙarar ƙofa da aka buga a can.

Sista ta kama bishiyar ta wuya ta ja ta zuwa bakin ƙofa, za ta kai bola. Ganyen ya fara bushewa, yana sukarta a hannu. Ta tsaya a nan tana huci. Can sai ta juyo da ita, ta ɗauko fartanya, ta shiga haƙa a tsakiyar gidanta.

"Mutum sai taurin kai," take faɗa, tana sara. "Ko mutuwar ma sai da ka jawo mini zagi."

Ramin bai yi zurfi ba, bayanta ya ƙage. Ta tura saiwar ciki, ta tattake ƙasa da dunduniya. Bishiyar ta tsaya a karkace. Ta ɗebo ruwa a buta ta zuba a gindinta, ta tsuguna tana kallo har ƙasa ta shanye.