Hannun Furera a Zanen Tasha

Furera ba ta bar hoto ko ɗaya ba. Shekara goma sha biyu ta yi tana toya waina a bakin tashar Ɗanbatta, amma mijinta Malam Tasi'u, tsohon malamin firamare, bai taɓa leƙa inda take zama ba. A ganinsa, mai ilimi ba ya tsayuwa a layin waina.

Wata bakwai da rasuwarta, 'yarsu Muhsina ta zo daga Kano da wata takarda a cikin gilashi. Ta ce wani mai zane ne ya taɓa yini a tashar, ya koma ya kankare abin da ya gani da allura a jikin farantin ƙarfe, ya shafa tawada, ya danna a takarda.

Malam ya goge tabarau. Aikin ya yi kyau, har ya ji haushi. Ga mai rake yana feraya, ga ɗan kamasho ya wage baki, ga akuya ta tusa kai a ɗaurin harawa. A tsakiya ga tanda, hayaƙinta siraran layuka, ga mace ta duƙa, ɗankwalinta ya zame gefe. Tana miƙa wa wani dattijo waina.

Da hannun hagu.

"Wannan ba uwarki ba ce," in ji shi. "Uwarki ko kaza ba ta zuba wa tsaba da hagu."

Muhsina ta ce ai haka bugun yake, abin da ke dama a ƙarfe shi ke fitowa a hagu. Ya ce ya karanta wannan tun ba a haife ta ba, amma wa zai zauna a zaure yana yi wa kowane baƙo darasi? Gobe sai a ji a gari cewa Furera da hagu ta ciyar da mutane.

"To fuskar fa, Baba? Ta yi kama?"

Ya daɗe yana kallo. Matar dariya take yi, har da dasashi. Shekara arba'in suna tare, bai san wannan dariyar ba.

Ya ce ta koma da zanen Kano, can babu wanda ya san Furera. Ta naɗe shi a zani. Sai da ta kai bakin zaure ya ce ta ɗan buɗe. Ya ɗora babban yatsa ya rufe hannun, ya ƙara dubawa, sannan ya ce ta yi sauri kada mota ta cika.