Allin Baba Tela

Mai Kitso ta tarar da maƙwabcinta Baba Tela durƙushe a tsakar ɗakinsa, allin awon yadi a hannu, yana jan layi a kan siminti daga bakin gado zuwa ƙofar banɗaki.

"Baba, yanzu har ƙasa ake yi wa ɗinki?"

Ya ce saboda Gimbiya ne. Gimbiya kyanwarsa ce, shekararta goma sha bakwai a ƙarƙashin keken ɗinkinsa. Kwanan nan sai ta shiga lungu ta fuskanci bango tana ta kuka, ta rasa yadda ake juyowa. Ta ci abinci, ta manta ta ci. Ya kai ta wurin likitan dabbobi a kwando, likitan ya ce babu magani: ƙwaƙwalwar kyanwa ma tsukewa take yi da tsufa, kamar ta mutum. Abu ɗaya ya yi gargaɗi a kai, kada a sauya mata wuri, ko kujera kada a matsar, don abin da ƙafa ta saba shi ne ke saura bayan kai ya manta.

"Kada a sauya mata wuri," in ji Baba Tela. Ya sake faɗa, yana kallon Mai Kitso.

Ta yi dariya ta juya za ta fita. A bayan ƙofa ta ga an rubuta da alli: kashe dutsen guga. A ƙasan hoton ɗansa, wanda kowa ke kira Injiniya, an rubuta: ɗana.

Kyanwa dai ba ta karatu.

Kwana uku tana juya maganar a ranta, har ta karkata tsagar kan wata mata. A na huɗu ƙauri ya shigo mata ta taga. Ta ruga ta samu dutsen guga ya cinye rigar mutane, shi kuwa yana tsaye a kan layinsa, ya rasa wane gefe ya nufa. A ranar ta kira Injiniya.

Da safe mota ta zo. Injiniya ya yi ta godiya, ya ce zai tafi da mahaifinsa, gidansa gidan sama ne, ga ɗaki fes, ga mai kula. Kyanwa ce kawai ba za ta yiwu ba, matarsa ba ta son gashi a kujera. Baba Tela bai yi gardama ba. Sai da ya zauna a motar ya ɗago kai ya dubi Mai Kitso.

"'Yata, ke ce?"

Ta sunkuyar da kai.

"Ai na gaya miki abin da likita ya ce."

Kwana goma sha tara ya yi a can. Ƙasan gidan tayil ne, alli ba ya kamawa, ƙofofin kuma duk iri ɗaya. Wata la'asar ya tashi daga gado, ya yi taku shida ya juya hagu, kamar yadda ya saba shekara talatin. A ɗakinsa nan ne banɗaki. A gidan ɗansa nan ne matakala.

Wurin ta'aziyya Injiniya ya ce mata Allah ya saka, da ba ta yi magana ba da tsohon ya mutu a wulaƙance. Ta ce amin.

Gimbiya ta ƙi ɗakin Mai Kitso. Kowane lungu sai ta tsaya ta yi kuka. Ranar da za a wanke ɗakin Baba Tela wa sabon ɗan haya, Mai Kitso ta roƙi makulli, ta ajiye kyanwar a bakin ƙofa. Ba gado, ba keke, sai layin alli da ya fara dushewa. Gimbiya ba ta ko dube shi ba. Ta taka a hankali har inda ƙafafun keken suka bar tabo huɗu a siminti, ta kwanta a tsakaninsu.