Taswirar Datong

Ba don ka iya sakin hannu a gangare ake ba ka bajon keke ba. Oga Cletus, shugaban sikawut na makarantar su Musaddiq, ya kafa sharuɗɗa: ka yi facin taya da hannunka, ka tuƙa mil goma kai da abokin tafiya, sannan kowa ya kawo taswirar hanyar da ya zana. Musaddiq da abokinsa Datong sun yi alkawari rana ɗaya za su liƙa bajon nan a hannun riga.

Shekara guda ke nan da rikicin addini na watan Satumba, wanda ya sa iyayen Datong, da yake Kiristoci ne, suka kwashe daga Anguwan Rogo. Sai da Oga Cletus ya taka har gida sau biyu kafin mahaifiyar Datong ta yarda ya yi tafiyar, ita ma da sharaɗin kada su sauka daga Titin Bauchi.

To, yaro dai yaro ne. A hanyar dawowa Datong ya nace sai ya ga tsohon gidansu ya sa shi a taswira, suka karya kan keke suka shiga unguwa.

Wajen zane kam Datong ba dama. Ba famfon da ya tsallake, kowane masallaci kuma ya zagaye shi da jan biro, don Oga ya ce a nuna alamun hanya. Yana tsaye a bakin masallacin layinsu na dā yana zane, sai ga samari sun kewaye su. Shu'aibu tela, maƙwabcin su Musaddiq, wanda aka ƙona wa shago bara, ya fizge takardar.

"Wa ya aiko ka? Masallatanmu kake ƙirgawa?"

"Oga, aikin sikawut ne," in ji Datong. Wani ya riga ya riƙe masa sirdin keke.

Musaddiq ya ce, "Kawu Shu'aibu, ni na zana. Riƙe min ya yi."

Shu'aibu ya san ƙarya ce, ga jan biro a hannun yaron. Ya daɗe yana kallon Datong, yana kallon kakin jikinsa, wanda shi da kansa ya ɗinka. Sai ya yayyaga takardar.

"Fitar da shi. Kada in sake ganinsa a nan."

Musaddiq ya raka shi har titi. Datong ya hau kekensa ya tafi, ba ko waiwaye.

Ranar Asabar Musaddiq ya miƙa taswirarsa, wata 'yar karkatacciya da ko shi ba zai bi ta ba, aka ba shi bajo. Datong bai zo ba. Mahaifiyarsa ta aiko cewa ya bar sikawut. Musaddiq ya riƙe ƙyallen nan yana jin kamar sato shi ya yi.

A gida Inna ta ce ya kai wa Shu'aibu ya ɗinka masa, wane tela kuma suke da shi? Ya je, ba da son ransa ba. Shu'aibu ya karɓi rigar ya sa a keken ɗinki, bai ɗago kai ba.

"Yaron nan ya samu nasa?"

"A'a."

Keken ya tsaya, ya kuma ci gaba. Can Shu'aibu ya ce, "Wandonsa ya ɗage. Ka ce ya kawo in sakar masa."

Musaddiq ya ce, "Ta wace hanya zai biyo, Kawu?"